Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa: Ku Isa Wurin Mai Haƙar Rijiya Kafin Dillali

Zuwa ga Shugaban Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, Abuja.

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da ma'aikatanka, ni malamin tarihi ne a wata makarantar sakandare a nan Arewa. Da gangan na rubuto da Hausa, domin mutanen da zan yi magana a kansu da ita suke ji, ina kuma so wasiƙar ta isa gare su kamar yadda za ta isa gare ka, ko su karanta da kansu ko 'ya'yansu su karanta musu.

Yabon gwani ya zama dole. Mun ga ƙoƙarin da hukumarka ta yi a kan kayan tagullar Benin da sojojin Ingila suka kwashe a 1897. A 2022 Jamus ta sa hannu ta mayar wa Najeriya mallakar fiye da guda 1,000, a 2025 kuma Holan ta dawo da guda 119. Wannan aiki ne na shekaru da haƙuri, Allah Ya saka wa duk wanda ya sa hannu a ciki. Sai dai waɗancan kayan an san inda suke, an ƙidaya su, an ɗauki hotunansu, ko sun daɗe a hannun wasu ba za su ɓace ba. Damuwata tana kan waɗanda har yanzu suke ƙarƙashin gonakinmu, waɗanda gobe da safe fartanya ko diga za ta ci karo da su, kuma babu wanda zai ji labari sai mutum biyu: wanda ya tono da wanda ya saya.

Bari in fara da rijiyoyi biyu.

A watan Maris na 1974, wasu manoma a gundumar Lintong, kusa da birnin Xi'an na ƙasar Sin, fari ya matsa musu suka shiga haƙar rijiya. Maimakon ruwa sai suka riƙa fito da gutsattsarin gasasshen yumɓu, ga kai, ga hannu, ga kawunan kibau na tagulla. Ba su san abin da suka taɓo ba. Wasu daga cikin kibau ɗin ma an sayar da su a kan sikeli a matsayin tsohon ƙarfe. Abin da ya ceci wurin shi ne labari ya kai ga wani ma'aikacin gidan tarihi na gundumar, Zhao Kangmin, ya zo da kansa, ya tattara gutsattsarin, ya zauna ya harhaɗa su har suka tashi mutum tsaye. Daga nan aka gane rundunar yumɓu ce ta sarkin da ya fara haɗa ƙasar Sin wuri guda, wanda ya mutu shekara 210 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). An ƙiyasta sojojin sun kai 8,000, da dawakansu da karusansu. Shekara biyar kacal bayan haƙar rijiyar, a 1979, aka buɗe gidan tarihi a kan ramin, yau kuma miliyoyin mutane ke zuwa kallo duk shekara.

Rijiya ta biyu tamu ce. A watan Mayu na 1987 wani makiyayi Bafulatani, Malam Ya'u, yana haƙar rijiya don shanunsa kusa da ƙauyen Dufuna, a gefen kogin Komadugu Gana, cikin ƙaramar hukumar Fune ta jihar Yobe ta yanzu. Ya yi zurfin kusan mita 5 sai ya ci karo da wani itace mai tauri. Da ya ga dama da ya sare shi ya ci gaba da aikinsa, babu mai tuhumarsa. Sai ya tsaya, ya je ya gaya wa mai gari. Mai gari ya kai magana gaba, har ta isa Jami'ar Maiduguri. A 1994 Abubakar Garba na wannan jami'a da Peter Breunig na Jami'ar Frankfurt ta Jamus suka jagoranci fito da shi: kwalekwale ne da aka sassaƙa daga gungume ɗaya, tsawonsa ya haura mita 8, gwajin da aka yi masa kuma ya nuna ya kai shekara 8,000. Babu jirgin ruwan da aka taɓa samu a duk faɗin Afirka da ya kai shi tsufa, a duniya ma 'yan ƙalilan ne suka girme shi, irin na Pesse da aka tono a Holan a 1955. An sassaƙa shi tun dalar Masar ba ta zo duniya ba da shekaru dubbai, a zamanin da Tafkin Chadi ya mamaye fiye da murabba'in kilomita 300,000. Wanda ya dubi yadda aka fiƙe goshinsa, da yadda aka rage kaurin jikinsa daidai wa daida, ya san ba gwajin farko ba ne, sana'a ce da ta riga ta nuna a hannun masu ita.

Ranka ya daɗe, a wuraren nan biyu babu farfesan da ya gano komai da farko. Talaka ne mai neman ruwa. Kuma a duka biyun abin da ya raba tsira da ɓacewa shi ne an sami wanda za a gaya wa, shi kuma ya zo. Bambancin ya fito ne daga baya. Kwalekwalen yana Damaturu, amma idan na tambayi ɗalibaina wa ya taɓa jin sunan Dufuna, sai aji ya yi tsit, alhali da yawansu sun ga hoton sojojin yumɓun Sin a waya.

Idan aka bi tarihin manyan abubuwan da aka tono a duniya, haka labarin yake ta maimaituwa. Masu haƙar kuza ne suka fito da kan yumɓu na farko a Nok, kudancin Kaduna, a 1928. A 1943 wani ma'aikacin kuza a wajen Jama'a ya sami wani kan, ya kai shi gonar doyarsa ya kafa don tsorata masu ɓarna, har aka yi dace wani Baturen Ingila mai binciken kufai, Bernard Fagg, ya gan shi ya lura da kamarsa da na farko. Daga wannan ne sunan Nok ya shiga littattafan duniya, aka kuma kafa gidan tarihi na Jos a 1952. A Igbo-Ukwu, cikin jihar Anambra ta yanzu, ƙarshen shekarun 1930, Isaiah Anozie yana haƙar ramin tara ruwa a gidansa ya fito da kayan tagulla masu ban mamaki na ƙarni na 9, sai bayan shekara 20 wani masani ɗan Ingila, Thurstan Shaw, ya zo ya yi tono na ilimi. Makiyaya Larabawan ƙauye ne suka shiga kogon Ƙumran a gefen Tekun Gishiri, wajen 1947, suka fito da tsofaffin rubuce-rubucen Yahudawa a cikin tuluna, farkon wanda ya saye su a hannunsu kuwa wani mai gyaran takalma ne a Baitalami.

Akwai guda biyu da nake so ka tsaya a kansu, don sun fi kama da halin mutanenmu.

A watan Disamba na 1945 wani manomi a Naja Hammadi, kudancin Masar, mai suna Muhammad Ali, ya fita haƙar ƙasar taki a gindin dutse, sai ya tono wani babban tulu a toshe. Kamar yadda ya ba da labari da bakinsa daga baya, ya jima yana tsoron fasa shi kada aljani ne a ciki, sannan ya tuna wataƙila zinariya ce, ya ɗaga fartanya ya rotsa shi. Littattafai ne 13 na harshen Kibɗawa, masu bangon fata, waɗanda aka rubuta a ƙarni na 4. Ya kai gida ya zube kusa da murhu, mahaifiyarsa ta hura wuta da wasu ganyayyakin. Abin da ya saura ya bi hannun dillalai shekaru kafin ya taru a gidan tarihin Kibɗawa na Alƙahira. Ba na ganin laifin tsohuwar nan ko kaɗan. Ba ta iya karanta rubutun ba, ba kuma wanda ya taɓa gaya mata cewa tsohuwar takarda tana da daraja. Tsoron aljani, sa ran zinariya, rashin sanin ƙimar abin da ya fito: duk wanda ya zauna a karkarar ƙasar Hausa ya san waɗannan ukun.

Na biyu a San'a ne, ƙasar Yaman, a 1972. Ruwan sama ya yi wa Babban Masallaci ɓarna, magina suna gyara sai suka tarar da tarin tsofaffin fatu da takardu a tsakanin rufi da silin. Suka ɗura su a buhunan dankali wajen 20, suka ajiye a ƙarƙashin matakalar hasumiya. Alƙali Isma'il al-Akwa, shugaban hukumar kayan tarihi ta Yaman a lokacin, wato takwaranka, shi ya gane abin da ke cikin buhunan ya nemo masu gyara. Ashe dubban gutsattsarin Alƙur'ani ne, wasunsu an rubuta su tun ƙarni na farko na Hijira. Magina ba su yi mugunta ba, ba su sani ba ne. Da shugaban hukumar yana zaune a ofis yana jiran rahoto a rubuce, da ƙwari da laima sun gama da su.

To, mu dawo gida. Dokar da ta kafa hukumarka, mai lamba 77 ta 1979, ta ce duk wanda ya tsinci wani abu na tarihi a ƙasa ya sanar da hukuma da sakataren ƙaramar hukumarsa cikin kwana bakwai. Magana ce mai kyau a takarda. Amma wa ya taɓa gaya wa mai haƙar rijiya wannan da harshensa? Wa ya gaya wa mai yin tubali, da mai haƙar kabari, da direban katafila, da yaran da ke wankin zinariya a rafi? Na taɓa zama da wani dattijo mahaƙin rijiya, na tambaye shi me yake yi idan ya tarar da tukunya a binne. Ya ce ai ba a taɓa irin wannan, ajiyar mutanen ɓoye ce, sai a yi bisimilla a mayar da ƙasa a koma gefe. Ya ce yaran yanzu kuwa fasawa suke yi su duba ko da wani abu, in babu su watsar. Da na ce masa akwai hukumar da ya kamata a gaya wa, sai ya ce, "Malam, in na faɗa a zo a killace gonar mutane, ko a ce na ɓoye rabi a kai ni caji ofis, wa zai fitar da ni?" Wannan tsoron gaskiya ne, kuma shi dillali ya san da shi. Dillali ba ya tambayar takarda, ba ya kiran ɗan sanda, yana zuwa har ƙofar gida da kuɗi a aljihu, yana kuma jin yaren mai gida.

Mun riga mun ga abin da wannan ya haifar. A tsakiyar shekarun 1990 haƙar mutum-mutumin Nok ta zama sana'a, mutane suka bar noma suka shiga daji da diga, ana biyansu abin da bai taka kara ya karya ba, kayan kuma suna ɓullowa a shagunan Brasels da Faris da kuɗi masu nauyi. A shekarar 2000 majalisar gidajen tarihi ta duniya ta fitar da jerin kayan Afirka da ke cikin haɗari, ta sa yumɓun Nok da na yankin Sakkwato da Katsina a ciki, tare da na Bura a Nijar da na Sao a gefen Tafkin Chadi. A shekarar 2000 ɗin ce aka baje wasu daga cikin na Najeriya a gidan tarihin Luvur na Faris, bayan an saye su a hannun wani dillali a Beljiyam. Da surutu ya yi yawa, a 2002 Faransa ta amince cewa guda uku da ta saya mallakar Najeriya ne, Najeriya kuma ta ba ta aronsu na shekara 25 da za a iya sabuntawa. Wa'adin yana cika a 2027. Ina roƙon kada a sabunta shi a ɓoye, a fito a gaya wa 'yan ƙasa abin da aka yanke da dalili.

Wani zai ce, to ai ko ta hannun ɓarawo abin ya fita, yana nan a ajiye, wata rana za a karɓo. A nan ne nake so jama'a su fahimci abin da ma'aikatanka suka sani sarai. Mutum-mutumin da aka fizge daga raminsa kamar yaro ne da aka tsinta a tasha, ba ya magana, ba wanda ya san garinsu ko iyayensa: ga shi dai da ransa, amma labarinsa ya tafi. Ilimin yana cikin ƙasar da ke kewaye da abin. Ɗan gawayin da ke gefensa shi ake kaiwa gwajin kabon, domin duk abu mai rai yana ɗauke da wani nau'in kabon da ke raguwa da rabi a duk shekara 5,730 bayan mutuwarsa, da awon abin da ya saura ake sanin shekaru. Ƙonanniyar ƙwayar hatsi tana faɗin abin da suka noma. Tsingaro yana faɗin abin da suka dafa. Wane abu ne a sama, wane ne a ƙasa, shi ke nuna wanda ya riga wani. Mai haƙar sata duk wannan yake watsarwa da shebur cikin yini ɗaya, kuma ba a sake haɗa shi har abada.

Dubi abin da aka samu da aka yi aikin a natse. Tun daga 2005 masanan Jami'ar Frankfurt tare da ma'aikatan hukumarka suka yi shekaru suna tono a ƙasar Nok. Mafi yawan wuraren da suka je sun tarar an riga an yi musu kaca-kaca, amma daga ɗan abin da ya tsira sun nuna cewa mutanen nan sun zauna a wurin tun wajen shekara 1,500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), sun fara gasa mutum-mutumi wajen shekara 900 kafin haihuwarsa, suna noma gero da wake. A 2021 aka bayyana cewa an ga alamar kakin zuma a jikin tukwanensu, wato shekara 3,500 ke nan ana cin zuma a wannan ƙasa. A Taruga, kusa da Abuja, an samu murahun narka tama da suka kai kusan shekara 2,500. Gero, wake, zuma, ƙira: abincinmu ne da sana'armu har gobe. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da za a iya karantawa a fuskar mutum-mutumin da ke cikin gilashi a Faris.

Saboda haka buƙatata ta farko mai sauƙi ce, ba ta kuma bukatar jiran sabuwar doka. Ku yi magana da mutane a inda suke saurare. Bahaushe da rediyo tare suke kwana. Shiri na minti goma sha biyar a mako, da Hausa da Fulatanci da Kanuri da harsunan kudancin Kaduna da Filato, wanda zai ce: in ka ga tukunya a binne, ko kashin maƙera a tare wuri guda, ko ƙasusuwa da duwatsun wuya, ka dakata, kada ka ciro, ka ɗauki hoto da waya, ka gaya wa mai unguwa, ga lambar da za ka kira, ba za a kama ka ba, ba za a ƙwace gonarka ba. Amma kafin a faɗi jimlar ƙarshen nan sai an tabbatar gaskiya ce, kuma sai an tabbatar in an kira lambar akwai mai ɗauka, akwai kuma man da zai kai shi wurin. In mutum ɗaya ya kira aka bar shi yana jira har damina ta cika ramin, duk ƙauyukan yankin sun ji, ba mai sake kira. Hanyar da labarin Dufuna ya bi, daga makiyayi zuwa mai gari zuwa sama, tana nan ba ta mutu ba. Mai unguwa, dagaci, hakimi, sarki: babu ramin da za a haƙa a ƙasarsu su rasa ji. Ku zauna da majalisun sarakuna ku mayar da wannan tsari a rubuce.

Sai maganar lada, wadda na san ma'aikatan gidan tarihi ba su cika son jin ta ba. A Ingila, dokar 1996 ta ce wanda ya tsinci dukiyar da a binne ya kai rahoto, in gidan tarihi yana so sai a ƙiyasta kuɗinta a biya, a raba tsakanin mai tsintuwa da mai gona. A 2009 wani mutum ya gano tarin zinariyar zamanin da a wata gona a Staffordshire, aka ƙiyasta ta fam miliyan 3.285, shi da manomin suka raba. Tun 1997 kuma suna da jami'ai a yankuna waɗanda aikinsu kawai su karɓi rahoton abin da jama'a suka tsinta su rubuta, har sun rubuta fiye da abu miliyan ɗaya da rabi. Ba mu da kuɗin Ingila, na sani. Na kuma san hujjar masu cewa in ka biya kuɗin kaya ka buɗe kasuwar tono da hannunka, kuma hujja ce mai ƙarfi. Shi ya sa nake cewa a ɗora ladan a kan labari: wanda ya bar abu a inda yake ya zo ya faɗa, shi ke da tukuici, wanda ya ciro ya kawo a buhu ba shi da shi. A kuma tuna mutanenmu sun tashi da fiƙihun rikazi, inda ake fitar da ɗaya bisa biyar na dukiyar da aka tarar a binne, saura ya zama na mai tsintuwa ko mai ƙasa. Mutumin da ya san wannan ba zai gane dalilin da zai sa ya tashi hannu rabbana ba. Tukuicin ma ba lallai ya zama kuɗi kaɗai ba. A ɗauki 'ya'yan garin aikin tonon da gadin wurin. A rubuta sunan wanda ya gano a jikin allon gidan tarihi. In rijiyarsa ce aka dakatar, a haƙa masa wata.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa a taron hukuma ba, amma kowa ya san shi: da yawa daga cikin mutanenmu in sun ga siffar mutum ta yumɓu gunki suke gani, fasa shi kuma lada suke nema. Wannan ba a gyara shi da takardar ofis, sai da bakin malamai. Ku je wurinsu da ladabi ku nuna musu abin da wannan ilimi ya yi wa tarihin Musulunci kansa. Ga fatun San'a. Ga rubutun da masanin Saudiyya Ali Ghabban ya gano a jikin dutse kusa da Al-Ula, inda wani mai suna Zuhairu ya rubuta cewa ya yi rubutun a lokacin rasuwar Umar, shekara ta 24 bayan Hijira, shaida a kan dutse daga hannun wanda ya rayu a zamanin Sahabbai. Ga Al-Hijr, wato Mada'in Salih, wanda Saudiyya ta tsare har ya zama wurinta na farko a jerin wuraren tarihin duniya na hukumar UNESCO a 2008. Alƙur'ani a Suratur Rum ya umarce mu mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda ƙarshen waɗanda suka gabata ya kasance. Ba ni da matsayin ba da fatawa, amma na tabbata in aka zauna da malamai aka bambance musu ajiye abu don bauta da ajiye shi don sani da wa'azi, za a sami masu faɗin haka a kan mumbari. Haka nan limaman coci a ƙasar Nok, inda su ma ake kallon kayan a matsayin na tsafi.

Manyan ayyuka su ne suka fi kowa haƙa. Lokacin da aka shimfiɗa bututun mai daga kudancin Chadi zuwa Kribi a gaɓar tekun Kamaru, tsawon kilomita 1,070, an sa masu binciken kufai su bi layin tare da masu aikin, suka rubuta wurare fiye da 400 da ba a san da su ba. Maƙwabtanmu ne, ba Turai ba. Mu kuwa ga layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, ya ratsa Kazaure da Daura da Katsina, tsakiyar tsofaffin daulolin Hausa. Ga bututun gas daga Ajaokuta zuwa Kano. Ga sabuwar hanyar Sakkwato zuwa Badagry mai fiye da kilomita 1,000, wadda za ta bi ta ƙasar Kabi, ƙasar da Kanta ya gina Surame. In hukumarka ta tura masana sun bi waɗannan layuka, muna so a buga abin da suka gani kowa ya karanta. Inda katafila ba ta riga ta isa ba kuma, a tura su yanzu. Sashen nazarin kufai na Jami'ar Ahmadu Bello da na Jami'ar Jos suna yaye ɗalibai duk shekara, da yawansu suna zaune ba aiki. Kuɗin da za a kashe a kansu bai kai na gada ɗaya ba, kuma ɗan kwangila ya kamata ya biya, a rubuta shi cikin yarjejeniya tun farko.

Abu na ƙarshe, ku nuna wa mutane abin da aka samu a ƙasarsu. A Durɓi ta Kusheyi, kusa da Mani a jihar Katsina, akwai tuddan kaburburan sarakunan da. Wani Baturen mulkin mallaka, Palmer, ya fara tona su a 1907, aka sake tonawa a 1992, daga baya aka kai abin da aka samu birnin Mainz na Jamus aka gyara. An samu 'yan kunnen zinariya, da kuɗin wuri, da kayan hauren giwa, da tasoshin ƙarfe da suka fito daga ƙasashen Musulmi na gabas, shaidar cewa shekaru 600 zuwa 700 da suka wuce Katsina tana ciniki da duniya mai nisa. Ɗan Mani nawa ne ya san haka? Ga zanen shanu a duwatsun Birnin Kudu, ga kufan Turunku, ga alamun narkar tama a gindin Dala tun ƙarni na 7, ga ganuwar Kano da aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu, wadda muke kallo tana narkewa ana yanka filaye a kanta. Mutum ba ya tsare abin da bai taɓa gani ba. A rubuta bayanin kayan gidajen tarihi da Hausa, da boko da ajami, kusa da Turancin. A yi kwafin kwalekwalen Dufuna da kawunan Nok, a ɗora a mota a zaga makarantu da kasuwannin ƙauye. Duk masanin da aka ba izinin tono, ɗan ƙasa ko baƙo, a sa masa sharaɗin ya koma garin da ya yi aiki ya tara mutane a ƙofar fada ya gaya musu abin da ya gano, da harshen da suke ji.

Mu malaman makaranta a shirye muke mu ɗauki namu kason. A ba mu ɗan littafi mai hotuna, shafi ashirin ma ya isa, wanda ke nuna yadda tsingaron da yake, da kashin maƙera, da gatarin dutse, da abin da yaro zai yi in ya gani. Ɗalibanmu su ne masu kiwo da noma da ɗiban ƙasar gini a lokacin hutu, su ne kuma za su karanta wa iyayensu. In hukumarka ta shirya littafin da lambar waya kafin rani mai zuwa, lokacin da ake haƙar rijiyoyi da yin tubali, za mu raba shi aji-aji mu kuma karantar da shi.

Allah Ya taimake ka a kan wannan amana, Ya kuma yi maka jagora.

Naka,
Wani malamin tarihi daga Arewacin Najeriya